Rabin Shago a Bab Makka da Kofunan Tangaraho

Kun tashi kuna jin ana cewa akwai shekarar da ubanku ya yar da arziki ya bi kwalabe. Ga abin da ke gabana a shekarar. A gefe ɗaya akwai rabin shagon yadi a kasuwar Bab Makka ta Jidda. A ɗaya gefen akwai tsohuwar motata mai buɗaɗɗen baya, da ɗan abin da na tara cikin shekara goma sha biyu ina auna wa kawunku Mahadi yadi. Motar da ajiyar, in an haɗa su, su ne kuɗin rabin shagon, ba ragi ba ƙari. Mahadi yayan uwarku ne, shi ne mai shagon, shi ne kuma kafilina mai tsaya mini a wurin hukuma, iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, da sunansa take. Bayan ƙaramar salla ya kira ni bayan kantar shago ya ce abokin haɗin gwiwarsa zai koma gida, yana so in maye gurbinsa. A takarda shagon zai ci gaba da zama nasa tunda shi ne ɗan ƙasa, a tsakaninmu kuwa rabi nawa ne. Sharaɗinsa ɗaya, in kawo kuɗin kafin alhazai su fara sauka, don a cika shago da kaya. Kun ji labarin daga dangin uwarku, kun ji shi daga 'yan kasuwa. Yanzu ku ji shi daga wanda ya tuƙa motar.

Motar nan ba don yadi na saye ta ba. Ran Juma'a da ranakun da aka tashi da wuri ina kwashe wa masu ƙaura kaya, abin da suka ce a zubar kuma in tsince in kai kasuwar gwanjo ta kudancin gari. Wata rana aka rushe wani gida a tsohon gari, na sayi tarkacen ɗakin ajiyarsa gaba ɗaya ba tare da na zaɓa ba. A ƙasan wani akwati, cikin matattun fitilu da makullai marasa ƙofa, na ci karo da wani abu na gilashi. Girmansa kamar dunƙulen hannu, kore irin na kwalbar lemo ta dā, mai kauri da nauyi, sifarsa ta ƙararrawa. Yana da wuya a zagaye kamar an shaƙe shi da igiya tun yana ɗanye, cikinsa kuma rami ne mai layin murɗi, irin na bakin kwalbar da ake murɗa wa murfi. Na juya shi, na shinshina shi, na ƙwanƙwasa shi da farce. Ni kuwa hankalina ba ya kwanciya in akwai abin da ban san sunansa ba a cikin kayana.

Na kai shi gida, unguwar Sharafiyya. Uwarku Hajara ta ce kan tulun shisha ne na masu kuɗin dā. Maƙwabciyarmu Inna, 'yar Damagaram, ta ce ƙahon wanzaman Turkawa ne, har ta ɗora shi a bayan wuyanta don ta nuna mana inda yake zama. Washegari na kai wa Mahadi. Shi haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci. Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Esh hada, mene ne wannan, Iro? Shara ce. Ni kuɗi na ce ka kawo mini, ka kawo mini shara."

"Yaya, wanda ya yi masa murɗi a ciki ba don shara ya yi ba."

"To ka je ka tambaye shi. Yalla, ga mutane suna jira."

Daga nan abin ya zama madannin labulen ƙofarmu, don iskar teku tana ɗage shi. A lokacin uwarku tana tuƙa tuwo ran Juma'a tana sayar wa 'yan Nijeriya masu aikin kwangila, waɗanda shinkafar Larabawa ta ishe su. Cikinsu akwai Injiniya Kabiru, ɗan Zariya, yana aikin wayoyin sadarwa. Ya sunkuya zai cire takalmi sai ya tsaya.

"Alhaji, ina ka samo wannan?"

"Kai ma faɗi naka. Ya yi shisha, ya yi wanzanci, saura aikin injiniya."

"Ai aikin namu ne. Kofin tangaraho ne."

Ya karɓi muciya ya tsayar da ita, ya kifa kofin a kanta, ya zaro zare daga gefen labule ya naɗa a wuyan. Ya ce haka yake zama a kan turken waya: a murɗa shi a kan ƙusa, a ɗaure wayar a wuyansa, gilashin ya hana wutar saƙo bin turke ta zurare ƙasa. Kafin tarho da wannan wayar ake buga saƙo daga gari zuwa gari. Ya ce Turkawa sun taɓa shimfiɗa layin dogo daga Sham har Madina, turakun waya suna biye da shi, kuma jirgin ya daina tafiya tun kakanninmu suna samari. Na zauna ina kallon abin nan da ya yi mako guda yana danne mana labule, ina tunanin maganganun da suka bi ta wuyansa: mutuwar wani, isowar wani, umarnin yaƙi. Ban san lokacin da tuwona ya huce ba.

"Akwai wani Bature a wurin aikinmu, tara su yake yi," in ji Kabiru. "Ya nuna mini hoton ɗakinsa a ƙasarsu, taga cike da su kamar shagon mai turare."

"A wace kasuwa yake sayarwa?"

"Ba ya sayarwa. Ajiyewa yake yi yana kallo."

"Kallo kawai?"

"Kallo kawai, Alhaji. Kuma ba shi kaɗai ba ne, suna da yawa, har taro suke yi."

Kabiru ya haɗa mu. Baturen dogo ne mai jan gemu, Larabcinsa gurgu kamar nawa na wancan lokacin. Abin da ya ba ni a kan kofi ɗaya ya fi ladan mako guda a shagon Mahadi. Ya ce kwangilarsa za ta ƙare kafin aikin hajji, yana son duk abin da zan iya samowa daga layin nan, don shi ba Musulmi ba ne, hanyar Madina ba tasa ba ce, kuma ba shi da lokaci. A hanyar gida na yi lissafi irin na ɗan kasuwa. In na ciko mota da kofuna, kuɗinsu da ajiyata za su biya rabin shago, mota kuma ta zauna a hannuna. Ban yi niyyar barin shago ba, ku riƙe wannan. Na so in haɗa duka biyun ne.

A zamanin baƙo ba ya barin gari sai da takardar kafili. Na ce wa Mahadi zan je ziyara Madina, kuma na je, na yi sallama ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Daga nan na miƙe arewa da tsani ɗaure a bayan mota da akwatin sifana. Na sami layin. Tudu ne dogo miƙaƙƙe cikin duwatsu baƙaƙe, ba ƙarfe ko ɗaya a kansa. Can da can sai ka ga tasha ta sassaƙaƙƙen dutse, gini mai kyau kamar jiya aka gama, tagogi a wangale, ciki kashin awaki. A wani wuri na tarar da tarago kwance a gefensa, tsatsa ta yi masa rigar ja, na shiga ciki na zauna a inuwarsa ina mamakin mutanen da suka jawo wannan nauyi cikin wannan ƙishirwa. Turakun waya kuwa sai kututture, wani ma sai ramin. Na yi ta tafiya a ƙasa ina tona yashi da ƙafa. Abin da na samu fasassun gutsattsari ne da ba su cika tafin hannu ba. Wani dattijo mai sayar da fetur a bakin hanya ya dubi tsanin, ya dube ni, na nuna masa gutsuren.

"Ka makara, ɗan'uwa, kakanninmu sun riga ka. Ƙarafan suna rufin ɗakunanmu, turakun sun dafa gahawa."

"Kofunan fa?"

"Wa ya sani? Kayan mata ne da wasan yara."

Na dawo Jidda da tsanina ban jingina shi da komai ba. Uwarku ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce duk duniya ni kaɗai na taɓa kai tsani sahara. Da ta gama ta sa na maimaita mata maganar dattijon. Kakarku ta wajen uwa, da ba ku riske ta ba, sana'arta musaya ce. Takan ɗauko sababbin robobi da kwanoni a ka ta bi gidajen Jidda, matan gida su ba ta tsofaffin tufafi ta ba su roba. Hajara tun tana yarinya take bin ta. Ta dube ni ta ce:

"Malam, abin da ya shiga ɗakin mace ba ya fita da kuɗi. Kunya za ta ji a ce ta sayar wa baƙo kayan ɗakinta. Amma ajiye mata sabon fulas a gabanta ka ga."

"Sai in cika motar da fulas."

"Ka cika. Wa zai shigar maka da shi wajen matan? Kai da gemunka?"

Nan na gane inda ta dosa. Na ce yayanta ba zai yarda ba. Ta ce ita za ta gaya masa da bakinta, kuma ta je. Ina tsaye ina ninke yadi suna yi a bayan kanta, rabi da Larabci.

"Ƙanwata za ta shiga jeji tallan roba? Bayan duk wahalar da na sha na sauke wa uwarmu kayan nan daga ka?"

"Da tallan robar aka yi maka jarin farko, Yaya."

Mahadi ya sa hannu a takardar tafiya ya turo mini ita ba tare da ya dube ni ba, ya ce ranar da jirgin alhazai na farko ya sauka, in kuɗi ba su zo ba, halas, magana ta ƙare.

Na fasa ajiyata na sayi fulas-fulas na shayi, da ƙananan kofunan gilashi, da farantan silba, da robobin wanki. Kai Sadiƙu kana goye, sauranku ba a haife ku ba. Muka bi ƙauyukan da ke gefen layin daga arewacin Madina har kusa da garin Ula. Aikina a kowane gari ɗaya ne: in zauna da maza a sha gahawa da dabino, in amsa tambayoyi a kan ƙasarmu, ko gaskiya ne muna da kogin da ba ya ƙafewa. Uwarku kuma ta shige ɓangaren mata da kai a baya da fulas a hannu. Kai ne mabuɗinmu, Sadiƙu, don ba tsohuwar da ta ga kumatunka ba ta miƙo hannu ba. Sai a jima in ga ta fito, abayarta ta yi nauyi a gefe ɗaya.

Da yamma in mun tsaya takan ba ni labarin inda ta tsinci kowanne, kuma wannan ya fi mini cinikin daɗi. Wani yana rataye a zaren masaƙa yana ja masa nauyi. Wani da shi ake murƙushe kayan ƙamshin gahawa, har gindinsa ya yi santsi. Wani kaji ke shan ruwa a ciki. Wani an kifa shi a kan turken tanti don kada ya huda rufin. Na ga abin da aka ƙera a wata ƙasa mai nisa don magana ta bi ta kansa, ya zo ya ƙare a hannun matan da ba su taɓa buga waya ba, kuma kowace ta samar masa aikin da ya dace da shi sarai. Yawancinsu farare ne na tangaran, waɗanda Baturen ya ce bai damu da su sosai ba. Na gilashi kaɗan ne. Wata tsohuwa ta ƙi musaya ƙememe, nata shuɗi ne yana rataye a ƙofar garken awaki saboda kambun baka, ta ce tun uwarta yake nan kuma ba akuyar da ta taɓa ɓari. Uwarku ta bar mata fulas ɗin haka nan. Na yi ƙorafi, ta ce in rubuta shi a sadaka.

A ƙauye na ƙarshe ta fito da wata mata tana nuna mata saman katanga. An jera kofuna bakwai a kan katangar laka don ado, an dasa su tun laka tana ɗanya. A nan ne tsanina ya yi aikinsa na farko. Da na sauko da su sai raina ya ɓaci. Sifarsu ɗaya da sauran, amma launinsu ya juye, ba kore ba, ba fari ba, wani shunayya-shunayya kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Gefen da ke cikin laka ya fi haske, gefen da ke kallon sama ya fi duhu. Ba sai an gaya mini ba, rana ce ta ci su. Kuma uwarku ta riga ta ba da babban farantin silba, wanda ya fi komai tsada a motar.

"Kin ba da faranti a kan koɗaɗɗen kaya."

"Suna da kyau, Malam."

"Kyau ba ya sayar da abin da rana ta ci."

Dole in tsaya nan in gaya muku abin da kowane mai yadi ya sani. Turmin da ake ratayewa a bakin shago don jan ido, rana takan ci launinsa. Abu na farko da Mahadi ya koya mini ranar da na fara aiki shi ne wannan turmi ba a sayar da shi, karɓar kuɗi a kansa cuta ce. Yanka shi ake yi a ba babban mai saye gyara, ya tafi yana jin daɗi, kai kuma ka rabu da kayan da ba su da daraja. Shekara goma sha biyu hannuna yana yin haka ba tare da ya shawarci kaina ba. Na naɗe bakwai ɗin nan a buhu daban na tura su ƙarƙashin kujera.

Mun dawo ana saura kaɗan alhazai su fara sauka. Kabiru yana Yanbu wajen aiki, don haka ni kaɗai na je wurin Baturen, da la'asar, a filin ajiye motoci na gidajensu. Ya ɗaga korayen ɗaya bayan ɗaya yana duba su a haske, yana shafa bakinsu da yatsa ko akwai tsaguwa, yana karanta 'yan haruffan da ke jikinsu. Bai ja ciniki ba. Abin da ya biya ya mayar mini da ajiyata har da ɗan ƙari, amma bai kai ya tsaya a madadin mota ba. Na san haka tun yana ƙirgawa. Duk da haka ciniki ya yi kyau, mai saye ya yi mutunci, kuma ba a sallamar irinsa hannu biyu. Na jawo buhun na ajiye a gabansa na ce wannan nasa ne, kyauta a kan ciniki.

Ya buɗe. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga shi saitin rana, launin ya zubo masa a fuska da gemu. Ya daɗe a haka. Sai ya zauna a bakin motata.

"Waɗannan sun fi duk sauran," in ji shi.

Na ce na gode. Mai karɓar gyara ai yakan yaba, ladabi ne.

"A'a, ba ka sani ba. Ka san me ya mai da su haka?"

"Na sani. Rana ce."

"Rana ce, ƙwarai. To?"

"To shi ya sa."

Muka tsaya muna kallon juna, kowa ya yarda rana ce, kowa yana ganin ɗan'uwansa bai gane ba. Ya zaro jakar kuɗinsa, na mayar masa da hannu. Ya sake miƙowa yana cewa zai je banki gobe, abin da ke jakar bai isa ba. Na ji kalmominsa sarai, ba wanda ya ɓace mini. Yarda ce ban yi ba. Na ɗauka irin ta Turawa ce da ba sa son a yi musu alheri su kasa ramawa. Da ya miƙo karo na uku na dafa ƙirji, na shiga mota na tayar. A wurinmu wanda ya nace sai ya biya kyauta, tafiya ake yi a bar shi kafin abin ya zama raini. Na hango shi ta madubi tsaye da buhu a hannu. Har na isa Sharafiyya ina jin kaina dattijon kasuwa.

Juma'ar da ta biyo Kabiru ya zo. Aka ajiye masa tuwo bai wanke hannu ba.

"Alhaji, me ka ba mutumin nan a buhu?"

"Gyara."

"Ka sayar da nono ka ba da saniya gyara."

Ya ce Baturen ya kira shi kafin ya hau jirgi. Akwai wani sinadari da masu narka gilashi na wancan zamani suke zubawa don ya fito garau. In rana ta yi shekaru masu yawa tana dukansa sai ya juye shunayya, kuma masu tarawa wannan launin suke nema ido rufe, balle a ce daga layin saharar nan ya fito, bakwai iri ɗaya ba tsaguwa. Ya faɗi abin da ake sayen ɗaya. Na ce ya rage gishiri. Ya ce in raba maganarsa biyu in jefar da rabi, abin da ya saura ya biya rabin shagon Mahadi. Ban zargi Baturen ba, har yau ban zarge shi ba. Mutumin ya gaya mini gaskiya da bakinsa, ya miƙo kuɗi sau uku. Uwarku tana bakin murhu tana jin komai. Ta kwashe tuwo ta gama, ta goge hannu, sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Na dai ce suna da kyau."

Sau ɗaya ta faɗa, ba ta sake ba har yau.

Mahadi ya yi dariya har ya share hawaye da gefen hiraminsa. Yana ta cewa wallahi shi ya koya mini, wallahi laifinsa ne. Da ya nutsu ya dafa kafaɗata, kuma na ga tausayi na gaske a idonsa. Ya ce ba a yi asarar komai ba, ajiya ta dawo, ya samo mini wani ɗan Yaman da zai sayi motar gobe bayan azahar. In kawo kuɗin jibi, shago ya zama namu. Wasa ya ƙare.

Da safe na fito da bokiti ina wanke motar don mai saye. Ina goge yashin Ula daga ƙarƙashin kujera ina lissafi. Shekara goma sha biyu a yadi ban taɓa yin asara irin wannan ba, amma kuma ban taɓa kusantar riba irin wannan ba. A yadi kowa ya san farashi, daga mai shago har alhajiyar da ta sauka jiya, riba ita ce ɗan abin da ka ƙwata da baki. A tsofaffin kaya kuwa abu ɗaya shara ne a hannun wani, dukiya a hannun wani, tazarar da ke tsakani sani ne kawai. Jahilci ya ci ni, kuma jahilci ciwo ne mai magani. Ban da haka, a gidajen nan da muka shiga idona ya ga tsofaffin butocin gahawa, da ƙofofi masu sassaƙa, da akwatunan amare, ban san darajar ko ɗaya ba, kuma ina so in sani har ƙaiƙayi nake ji. Ba mota, ba komawa. Uwarku ta fito da shayi ta same ni tsaye da tsumma.

"Ki gaya mini abin da zan yi."

"Shi yayana ne, kai mijina. Kada ka ɗora mini. Abu ɗaya na sani, in ka shiga shagon nan zuciyarka tana jeji, shi ma ka cuce shi."

Na je Bab Makka kafin azahar. Na ajiye almakashi da sandar awo a kan kanta na gaya masa ba zan sayar da motar ba.

"Za ka sake samun shunayyan?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Da 'ban sani ba' za ka ciyar da ƙanwata?"

Ya ɗauki almakashin ya sa a aljihun tebur, ya rufe a hankali.

"Iƙamarka ba zan taɓa ta ba, saboda Hajara. Amma ƙafata ba za ta taka gidanka ba."

Ya cika duka biyun. Kowace shekara yakan sabunta mini iƙama ya aiko da ita ta hannun Inna, bai taɓa neman ko sisi ba, bai taɓa yi mini barazana da ita ba. Duk wanda ya ce muku kawunku mugu ne ƙarya yake yi. Mutum ne da ya buɗe mini ƙofa na ƙi shiga a gaban 'yan kasuwa.

Na koma layin nan ya fi a ƙirga. Ban sake ganin shunayya ko ɗaya ba. Daga baya hukuma ta killace tashoshin ta hana taɓa komai, kuma daidai ta yi, kada wani cikinku ya ce zai gwada. Amma motar ba ta taɓa dawowa wayam ba. Na koyi bambanta tagullar da aka ƙera da hannu da ta inji, na koyi karanta shekarun itace a jikin ƙofa, na koyi ajiye abu wata shida ina tambaya kafin in sa masa kuɗi. Da wannan aka yi rumfar gwanjo, da ita aka yi ɗakin ajiyarmu na unguwar Aziziyya, da shi kuka yi karatu.

Ga lissafin, kuma ba na so ku gyara mini shi don ku faranta mini. Wanda ya karɓi rabin shagon ya gina gidaje biyu a garinsu kafin ni in fita daga ɗaki ɗaya a Sharafiyya. In da ma'aunin dukiya za a auna, shago ya fi, na faɗi, kuma na san zan iya faɗuwa tun ina wanke motar. Abin da na samu shi ne sana'ar da ban taɓa wayar gari ina ƙin fita gare ta ba, kuma da za a mayar da ni bakin kantar nan da almakashi a hannu, ajiye shi zan sake yi. Wannan nawa ne, ribar da asarar, na ɗauka. Akwai kaso ɗaya da ba ni na biya ba. Shekara shida uwarku tana zuwa gidan yayanta ita kaɗai ranar salla, ta ci abinci ba a ambaci sunana ba, ta dawo ta ce mini kowa yana gaishe ni. Ta haifi biyu daga cikinku bai zo suna ba. Sai da ciwo ya kwantar da shi na je na zauna a bakin gadonsa, ya dube ni ya ce in matso da filo, shi ke nan sulhun. Shago na san kuɗinsa, kofunan ma an gaya mini nasu. Shekara shidan nan na tambaye ta sau da yawa me suka ci mata, ta ce ba na sayarwa ba ne.